Gashin Yarinyar Bakin Taga

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Nasiba, kife wayar nan. Ke fa nake yi wa labarin, tunda kin dage sai kin bi ƙungiya kin je koyarwa a ƙasar mutane. Ku kuma ƙanana, wanda ya san zai jiƙa mana tabarma ya tashi tun yanzu.

Kun san Jazuli mai cajin waya a bakin layi? Wanda ba ya cire hula ko zafi zai kashe shi? To da can ba haka yake ba. Ya gama kwalejin horon malamai, yana tafiya kamar shi ya ƙirƙiro boko. Mu da ya yi wa lesin a zaure mun sha ranƙwashi. Ga wurin nan a tsakar kaina, har yau in na taɓa sai na ja masa Allah ya isa.

Wata ƙungiyar ilimi ce ta ɗauke shi aikin sa-kai, ta kai shi wani ƙauye a arewacin Ghana, can gaba da Tamale. Ba albashi. Amma an ce wanda ya fi ƙwazo za a ba shi aikin malanta na dindindin. Nan Jazuli ya ƙwallafa ransa.

Ran da ya isa, hedimasta ya zaga da shi. Dattijo ne, Malam Fuseini, yana jin Hausar zango. A ajin da aka ba Jazuli, ya nuna masa wata yarinya a bakin taga. 'Yar mitsitsiya. Shiru. Gashinta ya dunƙule ya sauko har ƙugu, kamar bai taɓa ganin mataji ba.

Malam Fuseini ya ce, "Waccan ba a tambayarta. Ba a taɓa ta."

"'Yar waye?"

"Ba ta garin nan ba ce."

"Tun yaushe take zuwa?"

Dattijon ya dube shi. "Ina yaro, a ajin nan na same ta."

Jazuli ya yi dariya. A ransa ya ce tsohon ya fara ruɗewa.

Kullum tana nan. In yana koyarwa leɓenta na motsi, ba sauti. In an tashi, yara su yi cikin gari, ita ta yi wajen itatuwan kaɗanya.

Sai ga saƙo, manyan ƙungiya na tafe da mai hoto, za su ga darasinsa. Gogan naku ya rikice. Ya sa aka yi wanka, aka yanke farce, aka goge allo. Kowa fes, sai ita. Ya ce wannan ƙazamar ce za ta ɓata masa hoto, ta ja masa asarar aiki.

Da safen ranar ya shigo da almakashi. Yara na ganin inda ya nufa suka watse waje. Ya kama gashin ya fara datsa. Ƙararsa kamar ana yankan busasshen kara. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube shi, ta yi maganar da ba wanda ya taɓa jin ta yi.

"Malam, duka?"

"Duka."

Ya share ya watsa a wutar bola. Da kunnena na ji yana gaya wa Innarmu bayan ya dawo, ina laɓe a bayan ƙyaure, wai ba ƙaurin gashi ya tashi ba. Ƙaurin takarda ne.

Rana ta take, ya ce bari ya ruga masauki ya sa rigarsa mai guga kafin baƙi su iso. Hanyar ta cikin itatuwan kaɗanyar nan ta bi. Shi kaɗai. Ba iska, ba kukan tsuntsu ko ɗaya.

Sai ga mace a gabansa, doguwa, da ƙwarya a ka.

"Sannu, Malam."

Bakinta bai motsa ba. Daga cikin ƙwaryar muryar ta fito. Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai ya ga ƙafafun. Dugadugai a gaba, yatsu a baya.

"Ina gashin 'yata?"

"Inna, tsafta ce. Dokar makaranta ce."

"An gaya maka kada ka taɓa ta?"

"An gaya mini."

"Mu ba ma riƙe karatu a ka kamar ku. A gashi take ɗaure shi. Ta ji harafi, ta ɗaura a sili. Tun ba a haifi ubanka ba take tarawa. Ka ƙone mata don hoto."

"A yi haƙuri, Inna."

"Haƙurinka ne zai yi mata karatu? Sunkuyo."

Wallahi ba shi ya sunkuya ba, wuyansa ne ya bi umarni. Ta dafa tsakar kansa da yatsu masu sanyi, ta tsinci wani abu ta fara ja. Kamar zare. Tana ja tana naɗewa a ƙwarya, tana ja tana naɗewa, ba ta gaggawa. Da ta gama ta ce, "Na bar maka sallarka da sunan uwarka. Je ka, baƙinka sun iso."

Bai ƙarasa masauki ba. Ya juyo da gudu, ya tarar manya sun zauna a bayan aji, mai hoto ya saita abinsa. Ya ɗauki alli ya tsaya a gaban allo. Hannu ya ƙi. Ya buɗe littafi, sai ya ga tururuwa kawai suna kwance a jere. Ko harafi ɗaya bai gane ba.

Kowa ya zuba masa ido. Gumi na bin bayansa.

Sai aka fara karanta darasin daga bakin taga. Da muryarsa. Muryar Jazuli sak, har da "kun gane ko?" ɗin nan nasa mai ban haushi. Ya waiga. Yarinyar ce. Sabon gashi ya rufe mata kai, gajere, baƙi, irin nasa.

Baƙi suka ɗau tafi. Shugabarsu ta ce, "Madalla da malami! Rubuta sunanka a allo, a ɗauke ka hoto a gefensa."

Ya tsaya riƙe da alli har tafin ya mutu.

Haka aka sako shi a mota aka dawo da shi. An yi masa rubutun sha, an yi turare, an je asibiti. Wurin da ta taɓa ko gashi ɗaya bai sake fitowa ba, shi ne hular. Ku lura, wayoyin mutane da zare mai launi yake ɗaure su, don ba ya iya karanta suna.

Tausayi? Ni? Uwar yarinyar nan ta rama mini ranƙwashina, ba zan ɓoye ba.

Ke dai Nasiba, in kin je, abin da suka ce kada ki taɓa, ki bar shi ko bai yi miki kyau a hoto ba. Kuma ko da rana tsaka, kada ki bi ta cikin kaɗanya ke kaɗai.

Gobe in kin kai caji, zai miƙo miki wayarsa ya ce idonsa na ciwo, ki duba masa saƙo. Kada ki tambaye shi komai. Ki karanta masa kawai.