Saniyar da Ba Ta da Tozo

Ranar wata Asabar Kamaluddeen ya fara ganin Hidaya, kuma maganar farko da ta ji daga bakinsa ta rashin ladabi ce.

Yana tsaye a ƙofar Lambun Barau, filin wasan yara da ke bakin titi kafin a shiga Birnin Kudu, yana ɗaukar hoton tsohon allon da ke saman ƙofar. Alhaji Barau mai wurin ya ƙaro lilo biyu da ɗan jirgin ƙasa mai zagaya lambun, yana son sabon tambari kafin babbar sallah, wanda zai hau ƙofa da tikiti da rigunan ma'aikata da shafin intanet. Aka ce masa akwai wani saurayi ɗan Gwaram da ya karanto zane da kwamfuta. Shi ne Kamaluddeen.

Allon ya kai shekara ashirin. Farar saniya ce a gindin kuka, duwatsu a bayanta, furanni sun zagaye ta, ga sunan wurin da boko da ajami. Kamaluddeen yana waya da abokinsa yana dariya, yana cewa ƙauyanci ne zalla, kala bakwai a allo ɗaya, saniyar ma ƙahonta na hagu a karkace yake.

"Babana ne ya zana," in ji wata murya a bayansa.

Ya juyo. Budurwa ce da mayafi ruwan ƙasa, riƙe da ɗan littafi. Duk shekara ita ke zuwa ta duba inda fenti ya ɗaye, ta rubuta, mahaifinta Malam Badamasi ya zo ya gyara. Ba wanda ya gaya musu bana ba gyara za a yi ba.

Yaran da suka taɓa boko suna da wannan ciwo, bakinsu yana riga idonsu. Amma a yi wa Kamaluddeen adalci, ya ji kunya, kunya kuwa alama ce ta tarbiyya. Ya kashe wayar, ya ba da haƙuri har sau uku. Ta ce ba ita ya yi wa laifi ba. Ya ce to ta ba shi lamba, ya san hanyar da zai bi ya nemi afuwar wanda ya yi wa laifin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karanto masa.

Da yamma ya rubuta mata: "Malama Hidaya, har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Na zauna zan yi aiki, fuskarki ce kawai ke fitowa a kwamfutar."

Ta amsa: "To a kai ta wajen gyara, Injiniya. Ina jin ta kamu da ƙauyanci."

Daga nan sunan ya bi shi. Shi kuma yana ce mata Mai Buroshi, domin ya gano cewa tun da hannun Malam ya fara rawa, ita ke ja masa siraran layuka a cikin gida, ba tare da kowa ya sani ba. Wata biyu suna haka. Yakan taso daga Gwaram a kan babur ranar Juma'a, su yi hira a zaure bayan la'asar. Yana yi mata bayanin cewa tambarin zamani dole ya zama mai sauƙi, kala biyu, yadda ko an mai da shi kamar farce a fuskar waya za a gane shi. Ita kuma tana ce masa mutanen Wurno da Dingaya ba sa karanta suna, ce wa ɗan acaɓa suke yi ya kai su wurin farar saniya.

Alhaji Barau ma haka ya ce, a yi duk zamanin da za a yi amma a bar saniya. Kamaluddeen ya ga abu mai sauƙi. Ya shiga intanet ya sauko da hoton saniya, ya goge, ya daidaita, ya sa ta cikin da'ira kore. Aka bugo a Kano, aka rataya kwana uku kafin sallah. Ma'aikata suka sauke tsohon allon suka jingine shi bayan ɗakin janareta.

Ranar sallah motoci suka sauke iyalan makiyaya daga Basirka. Suka tsaya a ƙofa suna nuna sama suna dariya. Saniyar ba ta da tozo, ƙahonta ɗan guntu kamar na ɗan akuya. Wani dattijo ya tambayi mai tikiti ko madarar gwangwani aka koma sayarwa a ciki. Kafin magariba duk garin ya ji.

A satin ne kawun Kamaluddeen ya je wajen Malam Badamasi nema masa izinin auren Hidaya. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce bai amince ba.

"Ba don ya karɓi aikina ba," in ji shi. "Aiki na Allah ne, yau naka gobe na wani. Amma yaron nan a Gwaram aka haife shi. Safe da yamma shanu na wucewa ta ƙofar gidansu, bai taɓa ɗaga ido ya kalli ɗaya ba. Wanda bai ga tozo a bayan saniya ba, yaya zai ga damuwa a fuskar 'yata?"

Ya ƙara da cewa akwai Saifullahi mai shagon fenti, ɗan amininsa, ya daɗe yana magana. Ba zai tilasta ta ba, amma in shawararsa ake nema, can ya fi karkata.

Saƙon Hidaya ya shigo washegari: "Na ga allon Baba a bayan janareta, baƙin mai ya zuba masa. Ashe maganarka ta ranar farko ita ce gaskiyar zuciyarka. Kada ka zo Juma'a."

Kamaluddeen ya rubuta amsa mai tsawo yana cewa ba shi ya sa a jefar ba, sai ya goge. Gaskiya ne ba shi ya sa ba, amma bai tambayi inda aka kai shi ba, wannan ma laifi ne. Ya ɗauko allon a a-kori-kura ya kai gida, ya wanke shi da hannunsa. Sannan ya yi kwana huɗu yana zuwa wata ruga kusa da Basirka da takarda da fensir, makiyaya na yi masa tsiya suna kiransa mai madarar gwangwani. A nan ya ga abin da shekara ashirin da bakwai bai gani ba. Babu saniya biyu masu ƙaho iri ɗaya, kuma da ƙahon ne mai su yake gane kowace daga nesa.

Ya kai allon shagon Malam da hantsi, ya durƙusa.

"Baba, na zo koyo ne."

Malam bai ce ya tashi ba. Kamaluddeen ya nuna masa hoton tsohon allon a waya, an ƙanƙance shi yadda zai hau tikiti. Kukar da furannin da saniyar duk sun cakuɗe sun zama tabo. Malam ya sa tabarau ya duba, ya daɗe. Mutum ne mai taurin kai, amma ba ya musun abin da idonsa ya gani. Ya ce lallai nasa ba zai shiga nan ba.

Ya ɗauki gawayi ya tsuguna a kan siminti. Hannun yana rawa, sai da ya dafe shi da ɗayan. Ya ja layi ɗaya tak, daga ƙaho, ya gangaro wuya, ya hau tozo, ya bi gadon baya har wutsiya, ya ƙara ƙaho na biyu.

"Wannan ce saniyar. Sauran duk ado ne na ƙuruciya. Je ka yi abin da ka iya."

Kamaluddeen ya ɗauki hoton layin ya tafi da shi gida. A kwamfuta, gyara karkataccen layi aikin daƙiƙa ɗaya ne. Ƙahon hagu ya sunkuyo gaba, tambarin zamani kuwa yana son daidaito. Kamaluddeen ya kai hannu zai miƙar da shi, yana cewa rawar hannu ce. Sai ya tuna tsohon allon. Shekara ashirin da suka wuce hannun Malam lafiya lau yake, kuma ƙahon haka yake. Ya janye hannunsa.

Bayan kwana biyu ya kawo takardar zauren gidan Malam. Farin layi ɗaya a kan kore, sunan wurin a ƙasa da boko da ajami. Malam ya ɗora yatsa a kan ƙahon hagu.

"Me ya hana ka gyara?"

"Ina jin ba kuskure ba ne, Baba. Wata saniya ce da ka sani."

Malam ya ce ita ce karsanar da kakansa ya ba shi ranar sunansa, kamar yadda ake yi a danginsu. Tare suka girma, ta mutu a shekarar da aka yi fari, daga ita bai sake kiwo ba. Mutum dubu nawa suka bi ta ƙarƙashin allon nan, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba.

"Ka ce wa kawunka ya dawo."

Kafin Kamaluddeen ya isa inda ya ajiye babur wayarsa ta yi ƙara: "Ina bayan labule, na ji komai. Da ka miƙar da ƙahon nan da ka huta da zuwa Birnin Kudu. Juma'a ka zo da wuri, Injiniyana."

Ya amsa: "Mai Buroshi, na yi alkawari, zan riƙa kallo kafin in yi magana."

Aka ɗaura aure bayan an gama girbi. Saifullahi ya zo, ya yi musu addu'a kamar ɗan halak. Motar amarya ta bi ta gaban lambun, sabuwar saniya a saman ƙofa, tsohon allon kuma a kafe daga ciki inda Alhaji Barau ya sa aka yi masa rumfa. Da za su rabu, Malam Badamasi ya riƙe hannun angon ya ce Hidaya ma tana da nata karkataccen ƙahon, kada ya ce zai miƙar, ya san ta da shi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su tsufa suna ganin juna.