Kwandon Ɓawon Masara

A wani ƙauye kusa da Tiga akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da jar akuya wadda kakarta ta ba ta. Tana ji da akuyar nan ƙwarai.

Wata rana Malama Lubabatu ta ce kowane ɗalibi ya reni zogale, ya dasa a gidansu. Yarinyar ta tsinto ledojin ruwa, ta cika su da ƙasa, ta shuka iri. Da zogalen ya yi ƙwari, sai ta yayyage ledojin, ta dasa shi a jikin danga.

"Ki kwashe ledojin nan kafin ki fita," in ji Inna.

"To, Inna, yanzu."

Sai ga ƙawayenta suna kira. Ta fice da gudu, ta manta.

Ba a daɗe ba akuya ta daina cin abinci. Cikinta ya kumbura, ta kwanta tana nishi. Baba ya hau babur ya ɗauko likitan dabbobi. Likita ya yi mata aiki, ya ciro ledoji a dunƙule.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Baba, ni ce na bar su. Ka yafe mini."

"Na yafe miki. Mu gode wa Allah da ta rayu."

Ranar Asabar ta bi Baba gona. Shi Baba takin gida kawai yake zubawa, ba ya feshi. Suna hutawa a gindin bishiya, sai ta ɗaga kai ta ga sheƙar tsuntsu tana reto. Ta daɗe tana kallon yadda aka sarƙe ciyawar.

"Baba, wa ya koya masa saƙa?"

"Wanda ya halicce shi."

"In sheƙar ta tsufa fa?"

"Sai ta faɗo ta ruɓe, ta zama taki."

Can yarinyar ta miƙe ta tara ɓawon masara cike da zaninta. A gida Inna ta nuna mata yadda za ta jiƙa shi ya yi laushi. Ta fara saƙa kwando. Na farko ya warware. Na biyu ya karkace. Ba ta fasa ba, har ta saƙa ɗan kwando mai kamar sheƙa, ta ɗaure bakinsa da zaren rama. Ta zuba ƙasa, ta shuka iri.

Da ta kai kwandon makaranta, Malama ta jujjuya shi. "Yaya za a cire dashen?"

"Ba sai an cire ba, Malama. Da kwandon ake binnewa, ya zama taki."

"Madalla! Zo ki koya wa 'yan'uwanki."

Da yamma yarinyar ta durƙusa gaban iyayenta. "Na gode, Baba. Na gode, Inna."

Daga ranar ba ta ƙara yar da leda ba. Ta gane cewa jin maganar iyaye yana kare mutum daga nadama, kuma abin da gona ta bayar ba shara ba ne.