Warin Giya a Garken Pei

Kowa a ƙauyen ya san Inna Shu. Wasu na cewa ta fi son aladu da mutane, wasu kuma na cewa tun rasuwar mijinta ba ta da wurin zuwa sai gonar ƙaninsa, Gong. Yau ga shi Gong ɗin ne ya kawo ƙararta gaban Sufeto Deng.

"An yaye 'yan aladu jiya, yau babu su, Yallaɓai. Ita ke riƙe da makulli. Ta fito da su, ko ta bar mini gida!"

Sufeto ya tarar da ita tsugune a ɗakin yaye, ɗakin wayam.

"Inna, ina kika kai su?"

"Uwar na fitar, su na bari a ɗakin da suka saba. Haka ake yi."

"Wa ya taya ki kora ta?"

Ta ce, "Pei, mijin 'yar Gong."

Garken Pei na bayan gonar. Tun daga ƙofa warin giyar dawa ya bugi hancin Sufeto.

"Biki aka yi?"

Pei ya yi yaƙe. "Ɗan kurɓi ne, Yallaɓai, maganin sanyi."

"Kai ka kurɓa, aladu ke wari?"

Sufeto ya sunkuya ya ɗaga wani ɗan alade, bayansa sharkaf da giya. A ƙauyen nan ya girma, ya san ba a yayyafa musu giya sai an haɗa baƙi da 'yan gida, don warinsu ya zama ɗaya kada su ciji juna.

"Duk haihuwar garkena ce, na rantse!" in ji Pei.

"To. Inna, koro mana uwar."

Uwar ta shigo nononta a kumbure, ta yi gurnani sau ɗaya. Rabin garken ya ruga jikin shinge yana tsuwa, sauran ko motsi.

Pei ya dubi Inna Shu. "Na ɗauka kowa zai ce ita ce," in ji shi. "Wa zai tsaya mata?"

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Inna Shu ta shiga tana tsamo nata ɗaya bayan ɗaya. Gong, da ya biyo su, ya cire hula.

"Yaya," ya ce, yadda kowa zai ji, "na zalunce ki. Ki yafe mini."