Ai Jirgi Ka Ce, Alhaji

A kasuwar Mutrah ta birnin Maskat suka fara haɗa ido. Nuriyya da ƙawayenta na jami'a sun sauko daga jirgin ruwan da ya taso daga Dubai, suna bin wani dogon saurayi mai riƙe da 'yar tuta, yana ta zuba bayani da Turanci: ga tsohuwar ganuwa a kan dutse, ga lungun masu sayar da turaren luban, ga inda jiragen fatake ke tsayawa tun kaka da kakanni.

Ƙafarta ta gaji. Ta ja tsaki ƙasa-ƙasa ta ce, "Wannan mutum sai ka ce rediyo mai jini."

Saurayin ya juyo yana murmushi, ya ce da Hausa tsantsa, "Ranki ya daɗe, a rage murya ne ko a kashe gaba ɗaya?"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sunansa Hadi, ɗan Yawuri, a bakin kogin Kwara ya tashi, kuma shi ne jagoran 'yan yawon buɗe ido na jirgin. Kafin su isa garin Khasab ya karɓi lambarta, kafin su koma Dubai kuwa zuciyarta ma ya karɓe.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Kyaftin ɗina, yau mun tsaya a inda kika zage ni. Na yi wa fasinjoji bayanin komai, amma ban gaya musu a nan na yi tsintuwa ba."

"Rediyona, kada ka kashe. Ina saurare."

To, akwai matsala guda. Mahaifinta Alhaji Maharazu, Bakano mai shagon turare a unguwar Al Sabkha ta Dubai, ba ya ga maciji da ruwa. Tun yana yaro kwale-kwale ya taɓa kifewa da shi a Wudil. Shekara da shekaru kayansa ke bin teku a kwantena, amma shi ko abra, ɗan jirgin katakon da ke tsallaka da mutane daga Deira zuwa Bur Dubai, bai taɓa hawa ba. Ya gwammace tasi ta zagaya da shi. Ita ma Nuriyya da za ta yi tafiyar nan, cewa kawai ta yi, "Baba, jirgi za mu hau zuwa Maskat." Ya ce Allah ya tsare. Laifin Bahaushe ne: na sama jirgi, na ƙasa jirgi, na ruwa ma jirgi.

Da magana ta yi nisa, mahaifiyarta Hajiya Barira ta kai wa Alhaji.

"Mece ce sana'arsa?"

"A jirgi yake aiki."

Bai ƙara tambaya ba. Washegari duk layin Sabkha sun ji cewa surukin Alhaji ma'aikacin jirgin sama ne, wataƙila ma matuƙi. Hadi ya zo gaisuwa gidansu a Al Muraqqabat, ya durƙusa har ƙasa, Alhaji ya ce, "Yaya jirgi?" Ya ce, "Alhamdulillahi, Baba." Kowa ya tashi da abin da ya fahimta.

Abdulganiyyu, ɗan abokin cinikin Alhaji, wanda ya daɗe yana son Nuriyya tana kauce masa, shi ya fasa ƙwan. Ya bari sai da shago ya cika da 'yan kasuwa ana shan shayi, sannan ya ce, "Baba, ai jirgin nasa na ruwa ne. Tsofaffin Turawa yake zagayawa da su kallon kango."

Aka bushe da dariya. Alhaji ya dawo gida babbar riga na jan ƙasa.

"Ni za a yaudara? Khalas, magana ta ƙare! Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ba zan kai 'yata hannun mutumin da ke kwana a kan teku ba. Wallahi ba zan ba shi ba, sai dai in ni Maharazu na taka jirgin nan da ƙafata!"

Nuriyya ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ta san mahaifinta ba ya warware rantsuwa, ba ya kuma taka ruwa. Saƙon Hadi ya shigo:

"Kyaftin, Allah ne shaidata ban yi wa Baba ƙarya ba. Amma kada ki yi jayayya da shi saboda ni. Ina sonki, zan jira ko zuwa yaushe ne."

Hajiya Barira ta riƙe ƙarshen rantsuwar a ranta. Mace ce mai sauraron magana har da wutsiyarta. Bayan an kwana biyu Alhaji ya ce yana son zuwa Maskat ya ga dillalan luban. "Ki sa a kama mana jirgi, mu je da ke da yarinyar, ko ta daina kumburin nan."

"An gama, Alhaji."

Ranar tafiya yana ta amsa waya a tasi, bai ɗago ba sai da ƙanshin teku ya bugi hancinsa. Ga tashar Mina Rashid, ga farin jirgi tsaye kamar bene.

"Barira! Mene ne wannan?"

"Ai jirgi ka ce, Alhaji."

Hadi na bakin matakala yana tarbar fasinjoji. Da ya hango su tutar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya iso da sauri ya durƙusa.

"Baba, wallahi ban san da zuwanku ba. Na ji labarin rantsuwarka, kuma ba na so a ci ribarta da dabara. In ba ka so, yanzu zan tsayar da tasi ta mai da ku gida."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi matakalar. Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya mai dogara sanda ta raɓa su, ta haye abinta.

"Ikon Allah," in ji Hajiya, "ga tsohuwa ta hau."

Alhaji ya gyara hula. "Yalla, mu je. Riƙe ni, yaro. In ka sake ni ban yafe ba."

Ya yi bisimilla, ya taka.

Hadi bai sake shi ba. Ya zaunar da shi a tsakiyar jirgi inda ba ya jijjiga, ya kawo masa shayin citta, ya ce ya riƙa kallon nesa. Duk lokacin salla ya zo ya nuna masa alƙibla, tunda jirgi juyawa yake. A Khasab suka zaga tsohon gidan yaƙi mai ganuwa, Alhaji na shafa bango yana cewa na Kano ya fi kauri. Da rana aka shiga ƙaramin jirgin katako tsakanin duwatsu, sai ga kifayen dolfin suna tsalle a gefensu. Mutumin da ke tsoron abra ya miƙe tsaye yana tafi.

"Barira, kin ga wancan? Nuriyya, ɗauke ni hoto!"

A Mutrah, cikin hayaƙin luban, ya kama hannun Hadi.

"Da ka yi shiru a tasha, da ka ci banza. Amma ka ce in koma. Wanda ya ƙi cin ribar rantsuwata ba zai cuci 'yata ba. Ka turo magabatanka."

Nuriyya ta rufe fuska da mayafi, hawayen daɗi na zuba. Wayarta ta yi ƙara:

"Kyaftin, mun iso gaɓa."

"Rediyona, yau ka ƙure murya, duniya ta ji."

A Kano aka ɗaura aure, dangin ango suka cika mota daga Yawuri da busasshen kifi. Walimar Dubai kuwa Alhaji ne da kansa ya kafe sai a kan ruwa, aka ɗauki jirgin katako mai fitilu, duk 'yan Sabkha suka hau, har Abdulganiyyu, wanda ya ƙanƙame ƙarfen gefen jirgi yana salati.

Wani baƙo da ya zo daga Kano ya tambayi Alhaji, "Wai angon a ina yake aiki?"

"A jirgi."

"Wane jirgin?"

Alhaji ya buga ƙafa a kan katako, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Na ruwa! Wannan da na taka da ƙafata." Ya juya ga ango da amarya, idonsa ya ciko. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."

Jirgi gaba ɗaya ya amsa, "Amin!"