Kaskar da Ta Ƙi Mutuwa

A damina ta shekarar 2004 Armiya'u ya fara ganin Barakatu, a garken mahaifinta Alhaji Namadi da ke Gurbin Bore. Malamin dabbobi ne ɗan Shinkafi da ke aiki a Kaura Namoda, an kira shi ne saboda kaska ta addabi shanun.

Yana tsugune yana duba kunnen wata saniya ya ji sallama. Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan ƙasa, ta ajiye masa kwanon fura, amma ba ta tafi ba. Cikin ladabi ta tambaye shi me ya sa maganin da ya kashe kaska bara, bana ko gezau ba ta yi.

Shekara uku yana aikin nan, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya bayyana mata cewa kaska ba duka ɗaya ba ce. Cikin dubu akan samu 'yan kaɗan da jikinsu ke jure maganin. Sauran su mutu, waɗannan su rayu su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar.

Barakatu ta yi murmushi. Ashe babin da ya kayar da ita a jarrabawar bayoloji ke nan, wadda take shirin sake zama don ta samu shiga makarantar jinya.

"Shekara biyu ina haddace shi," ta ce, "ashe yana nan a kunnen saniyarmu."

Bayan sallah ƙarama ta koma Kaura wurin Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifinta, don shirin jarrabawa. Armiya'u ya nemi izinin Gwaggo, ya riƙa zuwa zaure ranar Juma'a da la'asar. Sauran ranaku kuwa wayar Gwaggo ce ke shan aiki da saƙonninsu.

"Likitan kaska, idan sauro ma haka yake, me zai hana maganin zazzaɓi ya daina ci?"

"Sarauniyar tambaya, ƙwayar cutar ce ke jurewa, kuma kin gano da kanki. Ni ma ina da tambaya, amma ba ta cikin littafi. Zan turo iyayena."

Ta karanta saƙon sau uku kafin ta rubuta: "Ka turo."

Muhtari, ɗan wan Alhaji, ya daɗe yana son ta. Wata rana ya zo gaida Gwaggo, ya ga littafin da Armiya'u ya ba Barakatu, ya buɗe, ya ci karo da hoton biri yana miƙewa har ya zama mutum. Bai tsaya tambaya ba. A ransa ya yi imani yana ceton ƙanwarsa ne. Kafin mako ya zagayo, magana ta kai Gurbin Bore cewa malamin dabbobi yana koya wa yarinya cewa kakanta biri ne.

A lokacin da kowa a jihar ke kaffa-kaffa da zancen addini, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Alhaji ya sa aka dawo da ita gida, ya aika Shinkafi cewa kada kowa ya zo neman aurenta.

Barakatu ta yi kwana uku ba ta cin abin kirki. Rana ta huɗu ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce ba za ta saɓa masa ba, amma ta san bai taɓa yanke hukunci kan mutum bai ji ta bakinsa ba. Washegari Alhaji ya aika a kira Armiya'u.

A gaban garke suka zauna. Alhaji ya tambaye shi kai tsaye kan zancen birin.

"Baffa, ni Musulmi ne, ɗan Annabi Adamu," in ji Armiya'u. "Littafin na jarrabawa ne, abin da masanan kimiyya suka faɗa ke ciki, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na san amsar kowace tambaya ba. Abin da na koya mata, na gan shi da idona a jikin shanunku."

Ya maimaita bayanin kaska. Alhaji ya daɗe yana kallon shanun. Can ya fara magana a hankali, kamar mai yi da kansa. Ya ce a farin shekarar tamanin da huɗu, da ruwan sama ya ɗauke, shanu sittin gare shi, tara suka tsira, kuma ba manyan da yake alfahari da su ba ne, sirara ne masu jure ƙishirwa.

"Duk garken ga jikokinsu ne," ya ce. "Shi ya sa ba su faɗuwa da rani. To, ashe wanga abu suna gare shi a boko?"

Ya riƙe Armiya'u har azahar yana tambaya, kan gero mai saurin nuna, kan awaki, kan ƙwarin wake. Daga bayan zana Barakatu tana ji, tana dariya tana share hawaye.

Muhtari ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Alhaji ya amince da maganar aure, Barakatu ta sake zama jarrabawar. Sakamako ya fito ta ci, bayan kaka aka ɗaura aure, mutanen Shinkafi da Kaura suka cika ƙauyen.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya biyo motar har bakin hanya. Ya riƙe hannun Armiya'u.

"Ɗiyata amana ce gare ka. Ka bar ta ta yi karatunta. Allah Shi yi muku albarka, Shi ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baffa," in ji Armiya'u.

Cikin lulluɓi Barakatu ta amsa ita ma. Alhaji ya tsaya nan har motar ta sha kwana.