Tutar Tsoho Khiem

Da safiyar wata Litinin a shekarar 2006, tsoho Khiem ya farka ya tarar da akwatin gilashin da ke ɗakinsa wayam. Ba a fasa shi ba, an ma mayar da murfin. Tutar ce kawai babu.

Jami'in bincike Badaru, Bakano da ya daɗe yana aikin ɗan sanda a birnin Greensboro na Amurka, ya isa gidan a Pleasant Garden kafin azahar. Unguwa ce da gidaje ke nesa da juna, ko ihu ka yi sai dai bishiyoyi su ji ka.

Ɗakin tsohon akwai sanyi da ƙamshin turare. A kusurwa ga teburin da mutanen Biyetnam ke ajiye hotunan mamatansu: samari ne cikin hular tuƙin jirgi, duk sun zuba wa mai shigowa ido. Badaru ba matsoraci ba ne, amma tsigar jikinsa ta tashi.

Lan, 'yar tsohon, ita ta yi tafinta. "Tutar girmamawa ce, ja, mai geza ruwan zinariya," in ji ta. "An ba rundunarsu a 1965, bayan karonsu na farko da jiragen Amurka a sama. Babana ya sauko da rai, waɗannan abokansa na hoto ba su sauko ba."

Tsohon ya yi magana yana nuna taga. Lan ta fassara. "Ya ce ba ɓarawo ba ne, mamatan nan ne. Wai kullum da hantsi suna tsayuwa a can suna tambayar tutarsu."

"Tsufa ne kawai," in ji Tuan, mijin Lan, daga bakin ƙofa. "Mai aikin nan nake zargi. Na riga na kira kamfaninsu."

Mai aikin ita ce Fassouma, mutuniyar Damagaram, wadda ke kula da tsohon. In zargin ya zauna mata, lasisin aikin jinya ya tafi ke nan, ga 'ya'ya biyu a wani ɗan gidan haya a Wendover. Badaru ya same ta a kicin, idonta ya kumbura.

"Malama Fassouma, kin taɓa tutar?"

"Wallahi, Malam Badaru, ko ƙurar teburin nan ban taɓa sharewa ba. Ni da nake salla? In zan wuce ma sai na yi a'uziyya."

"Wa ke kunna turaren?"

"Shi da kansa. Tsinken turare ɗaya kowace safiya, sai ya cire guntun jiya tukuna. Yau ihu bai bar shi ya kunna ba."

Badaru ya koma ɗakin ya leƙa kaskon turaren. Guntun jiya na nan a gefe. A tsakiya kuma ga wasu uku a jere, tokarsu ba ta ko zube ba.

Ya kira Tuan waje. "Kana son tutar nan?"

"Mahaifina sojan Biyetnam ta Kudu ne, surukina na ta Arewa. Tutar waɗanda suka kore mu daga ƙasarmu ce. Ɗakin ma ba na shiga. Da ni na ɗauka, bola za ta."

"Me tsinke uku ke nufi a wurinku?"

Tuan ya ɗaga kafaɗa. "Neman izini. Ba a ɗaga abu daga gaban mamata sai an roƙe su."

Yana rufe baki fuskarsa ta canza. Badaru ya zagaya bayan gida. A ƙarshen filin akwai murhun gasa nama, murfinsa a kife. Da ya ɗaga, toka ce fal, amma ba ƙamshin nama. Ya tona da tsinke, ya zaro wani ɗan zare mai ƙyalli wanda wuta ba ta cinye ba.

Ya tara su a falo, ya ajiye zaren a gaban Lan.

"Ɓarawon waje ba ya sallama," in ji shi. "Wanda ya ɗauki tutar nan sai da ya roƙi mamatan izini. Fassouma ba za ta kunna musu turare ba ko da wuƙa a wuya. Mijinki kuwa ba zai durƙusa wa sojan Arewa ba. Saura mutum ɗaya da ke ganin girmansu, yake kuma tsoronsu."

Lan ta fashe da kuka. "A wurinmu, abin da aka ƙona yana isa hannun mamaci. Tun bazara ya rage cin abinci, wai suna kiransa. Na ce in suka sami tutarsu za su bar mini ubana."

"Shi ya sa kika yi gum ana ƙulla wa baiwar Allah sharri?"

Badaru ya tausaya wa Lan, amma sai da ya tsaya a kan Tuan ya sake kiran kamfanin ya janye maganarsa. Fassouma ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi.

Saura gaya wa mai tutar. Lan ta durƙusa gaban gadonsa ta faɗa masa da yarensu. Kowa ya zaci zai yi faɗa. Sai ya yi murmushi, ya gyara zama, ya yi wa Fassouma alama da hannu ta miƙo masa takalmansa.

"Me ya ce?" in ji Badaru.

Lan ta riƙe ƙafafun ubanta gam.

"Ya ce madalla, tuta ta isa wurinsu. Saura shi mai riƙe ta ya bi bayanta."