Hayaƙin Ngurwa

"Karɓi zobenka, Malam Ya'akubu."

Kaltum ta faɗa ba tare da ta ɗago ba, a ƙofar gidan gwaggonta da ke unguwar Ajilari, cikin birni.

"Haba, hasken idona! Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba... Baba ne ya aiko in koma gida. Mu tara muka rage a Ngurwa."

Ngurwa ai ƙauyensu ne, can cikin rairayin arewa, Barebari ta gabas, Shuwa ta yamma. Kakanninta masu haƙar kanwa ne suka kafa shi, gida ya fi ɗari a da. Farin shekarar saba'in da uku ya kwashe rabi, na tamanin da huɗu ya zo ya share kusan duk saura. Alkawarin kaka da kakanni kuwa ɗaya ne: muddin maƙwabta na hango hayaƙin murhu a Ngurwa, rijiyar garin ta 'yan Ngurwa ce. Ran da hayaƙi ya ɗauke, rijiya ta koma hannun maƙwabta, gari ya mutu.

"Ni kaɗai ce yarinya a cikinsu. In na zauna birni, wa zai hura wutar?"

Ya ce, "Lokacin da gwamnati ta tura mu karatun malanta Amurka, na koyar a wani ɗan ƙauyen hamada tsakanin ƙabilar Hopi da Nabaho. A can miji ne ke tarewa gidan mace, Kaltum. Ni zan bi ki."

Wayyo! Sai ga hawaye shar.

Amma fa da Mama, mahaifiyarsa, ta ji, tsalle ta yi ta dire.

"Ɗana, malamin sakandare guda, ya tare gidan mace kamar amarya? Ba da raina ba!"

A tasha ya riƙe wa Kaltum jaka, idonsa jawur.

"Ki ba ni damina ɗaya in shawo kanta. Ki riƙe min wutar."

Ta riƙe kuwa. Mutum huɗu suka bi 'ya'yansu noman shinkafa Zabarmari, ta riƙe. Tsofaffi uku suka rasu a jere, ta riƙe. Kullum sai ta yi tafiya mai nisa neman kashin raƙumi, don itace ya ƙare tuni.

Sai ga Lauratu, 'yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe da sa ido a kansa, ta aiko direban motar kanwa da goro da alewa.

"An ce in ba ki. Na ɗaurin auren Malam ne da Lauratu."

A makon Baba ya cika. Makiyayan Shuwa ne suka yi masa sutura. Kaltum ta dawo ta zauna gaban murhu, ta daɗe tana kallon garwashin. Wa take riƙe wa? Ta ɗebo rairayi da hannu biyu ta zuba a kai.

Washegari da hantsi, raƙuman maƙwabta sun riga sun kewaye rijiya, ta ji ƙugin mota.

Malam Ya'akubu ne. Ga akwatinsa, ga katifa ɗaure a bisa, ga Mama da kanta tana saukowa riƙe da tukunya sabuwa fil.

"Kaltum! Mama ta yarda, rabin raina! Na taho tarewa!"

"Lauratu fa?"

"Wace Lauratu? Ni da wa?"

Ta zauna daɓas a ƙasa.

Ya waiga, ya dubi bukkokin, ya dubi sama. Ba hayaƙi ko kaɗan.

"Ina mutanen garin?"

Ta dafa ƙirjinta.

"Ga su nan gabanka, Malam. Jiya na kashe wutar."